Senkaku ko Diaoyu: Takardun Yaƙi Ba Su Raba Wannan Gardama Ba

Akwai wata waƙa da na gaji da ji. Duk ranar da jiragen tsaron gaɓar teku na Sin suka kutsa ruwan da ke kewaye da tsibiran da Japan ke kira Senkaku, Sin kuma ke kira Diaoyu, sai kakakin gwamnatin Tokyo ya fito ya ce babu wata taƙaddama a kan mallakar wurin, saboda haka babu abin tattaunawa. Kafin la'asar takwaransa na Beijing ya mayar da martani, ya ce Sanarwar Alƙahira da ta Potsdam, waɗanda ƙasashen da ke yaƙi da Japan suka fitar, sun gama magana tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Kowa ya karanta tasa ya tashi. Jiragen kuwa suna nan. A 2023, haka ma a 2024, Japan ta ƙirga sama da kwana 350 da aka ga jiragen gwamnatin Sin a ruwan da ke dab da tsibiran.

Maganganun nan biyu babu wadda ke tsayawa idan aka buɗe takardun. Taƙaddama akwai ta, har da jiragen da ke ɗauke da bindigogi. Takardun yaƙin kuma ba su ambaci tsibiran ba ko sau ɗaya. A ganina, da za a je gaban alƙali, hujjar Japan ta fi nauyi. Amma yadda ta shigo da wurin cikin ƙasarta akwai lauje cikin naɗi, kuma nacewar da take yi cewa babu rigima ita ce ƙofar farko da ta rufe hanyar sulhu.

Wurin da ake magana a kai ƙananan tsibirai 5 ne da duwatsu 3 a Tekun Gabashin Sin, gaba ɗayansu kusan murabba'in kilomita 6. Suna da nisan kimanin kilomita 170 daga Taiwan, 170 daga tsibirin Ishigaki na Japan, 330 daga gaɓar Sin. Babu mutum ko ɗaya a kansu tun wajen 1940, sai awakin da aka saki a babban tsibirin a 1978, suka hayayyafa suna cinye ciyawar.

Wasiƙar 1885 da shawarar 1895

Japan na cewa ta bincika tun 1885, ta tabbatar wurin ba shi da mai shi, sannan majalisar ministocinta ta haɗa shi da ƙasarta ranar 14 ga Janairu 1895. A dokar ƙasa da ƙasa ta lokacin, wanda ya fara mamaye wurin da babu mai shi, ya kuma riƙe shi, nasa ne.

Matsalar ita ce shekara goman da ke tsakani. A 1885 gwamnan jihar Okinawa ta Japan ya tura batun kafa alamar mallaka zuwa Tokyo. Ministan harkokin waje, Inoue Kaoru, ya rubuta wa ministan cikin gida, Yamagata Aritomo, cewa a dakata. Dalilansa suna nan a rubuce: tsibiran na kusa da iyakar Daular Qing mai mulkin Sin a lokacin, suna da sunaye na Sinanci, kuma jaridun Sin sun fara yaɗa cewa Japan na da kwaɗayin tsibiran da ke kusa da Taiwan. Ya ce kafa alama yanzu zai jawo zargi, a bari sai wani lokaci.

Lokacin ya zo ne a tsakiyar yaƙi. An fara gwabzawa tsakanin Japan da Qing a 1894. A Satumba Japan ta ragargaza rundunar ruwan Qing a bakin kogin Yalu, a Nuwamba ta ƙwace Port Arthur. Zuwa Janairun 1895 kowa ya san inda nasara ta karkata. A nan ne aka zartar da shawarar, ba a sanar da Qing ba, ba a buga ta a bainar jama'a ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Alamar da aka ba da izinin kafawa ma ba a kafa ba sai 1969.

Mai kare Japan zai ce doka ba ta wajabta sanarwa ba, kuma yana da gaskiya. Sai dai wanda ya tabbata abu ba na kowa ba ne, me zai sa ya jira sai maƙwabci ya faɗi ƙasa kafin ya ɗauka? Wannan tambaya ce jami'an Tokyo ba sa son a yi musu.

Wata uku bayan haka, ranar 17 ga Afrilu 1895, wakilin Qing, Li Hongzhang, ya sa hannu a Yarjejeniyar Shimonoseki da ta kawo ƙarshen yaƙin, da harsashi a fuskarsa, domin wani Bajapane ya harbe shi ana tsakiyar tattaunawar. Qing ta miƙa Taiwan da duk tsibiran da ke ƙarƙashinta, da tsibiran Penghu, da zirin Liaodong, ga diyyar azurfa sama da tan 7,000. Daga baya Rasha da Faransa da Jamus suka tilasta wa Japan mayar da Liaodong. A nan Sin ke kafa hujjarta: Diaoyu na cikin tsibiran Taiwan, yaƙi ne ya raba ta da su.

A duba yadda aka rubuta sashe na 2. Penghu an iyakance ta da lambobi, tsakanin layi na 119 da 120 ta gabas, na 23 da 24 ta arewa. Tsibiran Taiwan kuwa ba a jera sunayensu ba. Duk rigimar da aka yi daga baya ta wannan giɓin ta shiga.

Littattafan zamanin Ming

Sin na da tsofaffin takardu, kuma ba na bogi ba ne. Jakadun da sarakunan Sin na daulolin Ming da Qing ke aikawa su naɗa sarkin Ryukyu, wato Okinawa ta yau, suna bin hanyar nan daga Fuzhou a gaɓar Sin zuwa Naha, babban birnin Ryukyu, suna rubuta tsibiran da suka wuce. Chen Kan, jakadan 1534, ya ambaci Diaoyu, ya kuma rubuta cewa sai da aka hango tsibirin Kume sannan aka shiga ƙasar Ryukyu. Akwai ma taswirar wani malami Bajapane, Hayashi Shihei, ta 1785, wadda ta shafa wa tsibiran launi ɗaya da na Sin.

Abin da takardun suka tabbatar shi ne Sinawa sun san wurin, sun raɗa masa suna, suna shiriya da shi a teku. Ba su nuna haraji ba, ko hakimi, ko sansani, ko shari'ar da aka yanke a kan wani abu da ya faru a can. Taswirar Hayashi kuwa ta ba Taiwan launi daban da na Sin alhali tana hannun Qing a lokacin, don haka wanda ya jingina da launinta ya yi hattara.

Tun hukuncin tsibirin Palmas na 1928, tsakanin Amurka da Holan, ƙa'idar da alƙalai ke bi ita ce gano wuri kaɗai ba ya isa, sai an nuna mulki a fili, cikin lumana, ba yankewa. Za a iya cewa Turawa ne suka tsara wannan ma'auni don amfanin kansu, kuma Asiya ta Gabas na da nata tsarin na mubaya'a da gaisuwa. Haka ne. To amma da wannan ma'aunin Sin ke kafa hujja a wasu iyakokinta, kuma babu wani da kotu za ta ɗauka.

A ɗaya gefen, daga 1896 gwamnatin Japan ta ba wani ɗan kasuwa, Koga Tatsushiro, hayar tsibiran. Ya kafa masana'antar busar da kifi, yana tara gashin tsuntsayen teku yana sayarwa. An yi lokacin da sama da mutum 200 ke zaune a can. A 1932 gwamnati ta sayar wa ɗansa tsibirai huɗu.

Abin da aka faɗa a Alƙahira, da abin da aka bari

A ƙarshen Nuwamba 1943 Roosevelt na Amurka da Churchill na Birtaniya da Chiang Kai-shek, shugaban Jamhuriyar Sin, suka haɗu a Alƙahira. Sanarwar da ta fito ranar 1 ga Disamba ta ce duk yankunan da Japan ta sace wa Sinawa, kamar Manchuria da Taiwan da Penghu, za a mayar wa Jamhuriyar Sin, kuma za a kori Japan daga sauran wuraren da ta ƙwata da ƙarfi da haɗama.

Wasu 'yan Japan kan yi watsi da ita wai sanarwar manema labarai ce, babu sa hannun kowa. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Sashe na 8 na Sanarwar Potsdam, ta 26 ga Yuli 1945, ya ce za a aiwatar da sharuɗɗan Alƙahira, kuma takardar miƙa wuya da Japan ta sa wa hannu ranar 2 ga Satumba ta karɓi Potsdam. Sarƙar ta ɗaure ta.

Amma a karanta sashen har ƙarshe. Ya ce ikon Japan zai tsaya ga Honshu da Hokkaido da Kyushu da Shikoku, da ƙananan tsibiran da "mu", wato ƙasashen da suka fitar da sanarwar, za mu ƙayyade. Wato an ɗage magana ne zuwa gaba. Ba a ce Senkaku na ciki ba, ba a ce suna waje ba.

Akwai abin da ya faru a teburin cin abinci a Alƙahira da ba a cika faɗa ba. A daren 23 ga Nuwamba Roosevelt ya tambayi Chiang, fiye da sau ɗaya, ko Sin na son tsibiran Ryukyu baki ɗaya. Chiang ya ce ya fi son Sin da Amurka su riƙe su tare, daga baya a sa su ƙarƙashin amanar wata hukuma ta duniya. Mutumin da aka yi wa tayin Okinawa sukutum bai karɓa ba, kuma babu inda aka rubuta ya ce a ware masa Diaoyu. Da gwamnatinsa ta karɓi Taiwan a Oktoban 1945, ba ta aika kowa can ba.

San Francisco: giɓin da aka bari da gangan

Ƙayyadewar da Potsdam ta yi alkawari ta zo a Yarjejeniyar San Francisco, ranar 8 ga Satumba 1951. Zuwa lokacin duniya ta sauya. Mao ya kama Beijing, Chiang ya koma Taiwan, ana yaƙi a Koriya da sojojin Sin a fage. Amurka da Birtaniya suka kasa daidaitawa kan wace Sin za a gayyata, sai aka bar su duka biyu a waje.

John Foster Dulles na Amurka, wanda ya jagoranci tsara yarjejeniyar, ya rubuta ta yadda Japan za ta saki Taiwan da Penghu, da tsibiran Kuril, da Spratly da Paracel, ba tare da an faɗi wanda zai karɓa ba. Yau kusan kowane ɗayan waɗannan wurare rigima ake yi a kansa. Sashe na 3 ya sa tsibiran da ke kudu da layi na 29 ta arewa a hannun Amurka, kuma a Disamban 1953 hukumar mulkin Amurka a Okinawa ta zana iyakar yankinta da lambobi, Senkaku suka faɗo ciki. Sojojin Amurka suka mayar da biyu daga ciki, Kuba da Taisho, filin gwajin bama-bamai.

Firaministan gwamnatin Beijing, Zhou Enlai, ya yi tir da yarjejeniyar tun Agustan 1951, ya ce haramtacciya ce tunda ba a yi da Sin ba. Wannan ƙorafi ne na gaskiya. Ƙasar da ta fi kowa daɗewa tana yaƙi da Japan, tun 1931 a Manchuria, ba ta zauna a teburin sulhu ba. Duk wanda ke mamakin zafin da Sinawa ke ɗauka a kan duwatsun nan ya fara daga nan.

Shirun shekara 75

Duk da haka, a nan hujjar Sin ta fi rauni. Daga 1895 zuwa 1970 babu gwamnatin Sin da ta fito ta ce Diaoyu nata ne a mayar mata. A 1920 ƙaramin jakadan Jamhuriyar Sin a Nagasaki ya rubuta wasiƙar godiya kan ceto masuntan Fujian da jirginsu ya lalace, ya kira wurin tsibiran Senkaku na gundumar Yaeyama a jihar Okinawa. Ranar 8 ga Janairu 1953 jaridar jam'iyyar Kwaminis, People's Daily, ta jera Senkaku cikin tsibiran Ryukyu. Sanarwar Beijing ta 1958 kan ruwan ƙasarta ta jera tsibirai da sunayensu, babu Diaoyu.

Duk wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa ana shari'ar gona ya san tambayar da ake fara yi: wa ke noma ta, tun yaushe, kai kuma da ka ce ta kakanka ce, ina kake lokacin da yake shuka? Sin za ta amsa cewa a lokacin tana kwance, daga mamaya sai yaƙin basasa. Wannan uzuri ya wanke shekarun da suka gabaci 1945. Bai wanke na bayan 1949 ba, lokacin da Beijing ke fitar da takardun ƙorafi kan Taiwan da Tekun Kudancin Sin ba ƙaƙƙautawa. A hukuncin tsibirin Pedra Branca na 2008, tsakanin Malesiya da Singapore, Kotun Duniya ta yarda cewa asalin tsibirin na masarautar Johor ne, wadda ke cikin Malesiya a yau, amma ta ba Singapore, saboda ta yi ta mulki ɗaya ɓangaren yana kallo bai ce uffan ba.

Ruwa ba ya tsami banza. A 1969 wani rahoto da aka yi ƙarƙashin hukumar tattalin arzikin Asiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mai yiwuwa ƙasan tekun da ke tsakanin Taiwan da Japan na ɗauke da ɗimbin man fetur. A Yunin 1971 gwamnatin Taiwan ta gabatar da da'awarta a hukumance, Beijing ta biyo ranar 30 ga Disamba. Amurka kuwa, da ta mayar wa Japan Okinawa ranar 15 ga Mayu 1972 haɗe da Senkaku, sai ta ce gudanarwa ta miƙa, batun mallaka ba ta da matsayi. Har yau baki biyu take yi: ba ta ce na Japan ne ba, amma Obama ya tabbatar a 2014 cewa sashe na 5 na yarjejeniyar tsaronsu ya shafi tsibiran.

An ajiye maganar, ko ba a ajiye ba?

A Satumban 1972, da firaministan Japan Tanaka Kakuei ya je Beijing ƙulla hulɗar jakadanci, shi da kansa ya tayar da batun. Zhou ya ce ba ya son a tattauna shi yanzu, mai ne ya sa ya zama matsala. Aka wuce. A Oktoban 1978 mataimakin firaministan Sin, Deng Xiaoping, ya faɗa wa manema labarai a Tokyo cewa mutanen zamaninsa ba su da isasshiyar hikima, na baya za su fi su, a ajiye maganar.

Gwamnatin Japan ta yanzu na cewa Deng ne ya yi maganarsa, ita ba ta amince da komai ba. A takarda haka ne. Amma bayanan Birtaniya da aka buɗe a 2014 sun nuna firaminista Suzuki Zenko ya shaida wa Margaret Thatcher a 1982 cewa ƙasashen biyu sun fahimci juna kan barin abin yadda yake. Aikin Japan ma ya nuna haka: ba ta kai soja ba, ba ta gina tashar jirgi ba, tana hana 'yan ƙasarta sauka. A Maris 2004, da 'yan gwagwarmayar Sin bakwai suka hau babban tsibirin, gwamnatin firaminista Koizumi ta tasa ƙeyarsu gida cikin kwana biyu ba tare da gurfanarwa ba.

Ɓangarorin biyu ne suka warware wannan fahimta. Sin ta sa Diaoyu cikin dokar ruwanta a 1992. A Satumban 2010 Japan ta tsare matuƙin wani jirgin kamun kifi na Sin da ya yi karo da jiragen tsaronta, ta nufi yi masa shari'a da dokarta, sannan ta sake shi bayan matsin lamba. Ta yi asara sau biyu: ta fusata Sin, ta kuma nuna ana iya tanƙwara ta. A 2012 gwamnan Tokyo, Ishihara Shintaro, ya ce zai sayi tsibiran daga masu su. Don ta riga shi, gwamnatin firaminista Noda ta sayi uku ranar 11 ga Satumba a kan yen biliyan 2.05, mako guda kafin 18 ga Satumba, ranar da Sinawa ke tunawa da mamayar Manchuria. Niyyar hana fitina ce, amma wanda ya zaɓi ranar bai duba kalanda ba. Tun daga nan jiragen Sin ba su bar wurin ba.

"Idan Japan ta yarda akwai rigima, ai ta sallama rabi"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da za a kawo mini. Mai riƙe da wuri ba ya son ya ce ana jayayya, don kada ya ɗaga darajar da'awar abokin hamayya. Kuma Sin, in aka ba ta hannu, za ta nemi kafaɗa.

Amsata biyu ce. Ta farko, Japan da kanta ke kuka da wannan hali a wani wurin. Kan tsibirin Takeshima, wanda Koriya ta Kudu ke riƙe da shi tana kiransa Dokdo, Tokyo ta nemi a je Kotun Duniya a 1954 da 1962 da 2012, Seoul ta ce babu wata rigima. Tokyo ta nuna takaicinta kan hakan.

Ta biyu, yarda da cewa ana jayayya ba ya rage komai daga hujja. Japan ta amince da hurumin dole na Kotun Duniya tun 1958, Sin ba ta amince ba, kuma ta ƙaurace wa shari'ar da Filifin ta kai ta kan Tekun Kudancin Sin, ta yi fatali da hukuncin 2016. Da Tokyo za ta ce "akwai saɓani, mu je kotu", nauyin ƙin zuwa zai koma kan Beijing. 'Yan Najeriya sun san zafin irin wannan hanya: hukuncin Bakassi na Oktoban 2002 ya yi ɗaci, an miƙa yankin ga Kamaru a Agustan 2008, amma sojojin ƙasashen biyu sun daina fuskantar juna a can.

Ba na tsammanin Sin za ta je kotu. Saura ke nan abin da aka riga aka gwada ya yi aiki, wato raba batun mallaka da batun amfani. A Afrilun 2013 Japan da Taiwan sun ƙulla yarjejeniyar kamun kifi a ruwan da ke kewaye da tsibiran, suka bar mil 12 na kusa da gaɓa a wajen yarjejeniyar, kowa na riƙe da da'awarsa. A Yunin 2008 Tokyo da Beijing sun amince su haɗa hannu wajen haƙo iskar gas a Tekun Gabashin Sin, rikicin 2010 ya dakatar da tattaunawar aiwatarwa. A Nuwamban 2014 sun fitar da matsaya mai sassa huɗu da ta ce suna da "mabambantan ra'ayoyi" kan zaman ɗarɗar da ake yi a ruwan, kowa ya fassara ta yadda ya ga dama, amma ta isa ta sa firaministan Japan Abe da shugaban Sin Xi Jinping suka zauna, kuma ita ta share hanyar tsarin tuntuɓar juna tsakanin sojojin ruwa da na sama da aka fara a 2018.

Tun Fabrairun 2021 dokar Sin ta ba jiragen tsaron gaɓarta izinin amfani da makami a ruwan da take ɗauka nata ne, kuma jiragen Japan na biye da su kullum suna raka masuntan Ishigaki. Matuƙan jiragen nan ba za su warware abin da aka bari a Shimonoseki da San Francisco ba. Abin da za a iya ba su shi ne ƙa'ida rubutacciya kan tazarar da za su bar wa juna, da wanda za a kira idan an yi karo, da yadda za a yi da masuncin da aka kama. Ba a rubuta irin wannan ƙa'ida a kan wurin da ɓangare ɗaya ke cewa babu abin tattaunawa.